Zare ya rubuta, ɗan'uwansa bai gani ba: kurakuran da aka fi yi

A ce manhajar Java ce ke ƙirga buhunan gero a wani shago na kasuwar Dole, nan Damagaram. Zare (thread, wato layin aiki ɗaya cikin waɗanda manhaja ke gudanarwa lokaci guda) ɗaya na juyawa cikin madaukin `while (!tsaya)`, wani zaren kuma zai mai da `tsaya` ta koma `true` in an danna maɓalli. An danna, amma madaukin ya ƙi tsayawa. Da yawa sukan ɗora laifin kan kesh ɗin firosesa (ƙaramar ma'ajiyarta mai sauri), alhali galibi aikin kwamfaila ne, mai fassara manhaja zuwa yaren na'ura: ya duba madaukin, bai ga mai canza `tsaya` a ciki ba, sai ya karanta ta sau ɗaya ya ajiye a rajista, wani ɗan gurbi cikin firosesa. Gyaran kalma ɗaya ce, `volatile boolean tsaya`, wadda ke sa kowane zare ya ga abin da ɗan'uwansa ya rubuta.

Abin da ya fi ɓatar da masu koyo shi ne a saka `System.out.println` cikin madaukin, sai matsalar ta ɓace. Ɓuya kawai ta yi, domin `println` na ɗaukar makulli a cikinta, ranar da aka cire layin za ta dawo. `Thread.sleep` ma ba ta ba da wani tabbaci.

Sai masu zaton `volatile` maganin komai ce. `buhu++` mataki uku ne: karanta, ƙara ɗaya, rubuta. Zare biyu na iya karanta 40 lokaci guda, kowanne ya rubuta 41, buhu ɗaya ya salwanta. Gwada da kanka: zare biyu, kowanne ya ƙara sau 100,000, jimlar ba kasafai take cika 200,000 ba. Nan `AtomicInteger` da `incrementAndGet()` ake buƙata, ko `synchronized`, makullin da ke barin zare ɗaya kawai ya shiga a lokaci guda. Kuma makullin ya zama guda, mai rubutu da mai karatu duk su riƙe shi. Kulle rubutu a bar karatu sake, kamar rufe ƙofa ne a bar taga buɗe.

Wannan ƙarfin na `volatile` ya tabbata ne daga Java 5, a 2004. A C da C++ kalmar ba ta tsara komai tsakanin zaruruwa, a C++ `std::atomic` ko `std::mutex` na C++11 ake amfani da su.

Kada gwajin kwamfutarka ya ruɗe ka. Firosesar x86 ba ta cika sauya jerin karatu da rubutu kamar ARM da ke cikin wayoyi ba, saboda haka a gwada a kan waya. Don gano irin wannan karo tsakanin zaruruwa, mai C++ ya haɗa da `-fsanitize=thread`, mai Go kuma ya ƙara `-race`.