Tankin mai: inda ake tafka kuskure wajen gyara

Na gaji da ganin yaran gareji a nan Sakkwato suna maimaita ɓarna iri ɗaya duk ranar da aka kawo tanki mai yoyo.

Wai don an juye fetur, sai a ce tanki ya zama lafiya, a kira mai walda. Tururin fetur ne ke fashewa, kuma tankin da aka juye cike yake da shi, balle a zafin Afrilu da ake haura digiri 40. Ni ba na barin wuta ta matso sai an wanke da ruwan zafi da omo sau uku, an cika shi da ruwa har dab da wurin da za a liƙe. Kai yaro, in maigidanka ya ce ana sauri, ja da baya, rai ba shi da safaya!

Wanda ya ci mini kuɗi kuwa shi ne shafen ciki. Tankin tsohuwar Fijo 504 ɗina ya yi tsatsa, wani ya lallashe ni a zuba maganin shafe, wato ruwan gam da ke lulluɓe cikin tanki, maimakon in sayi wani. Ba a kankare tsatsar ba, ba a jira ya bushe ba. Bayan wata biyu, ina hanyar Illela, na wuce Gwadabawa kaɗan, mota ta fara shaƙewa ta mutu da rana tsaka. Da muka buɗe filta, ga shafen nan ya ɓare kamar ɓawon albasa, ya toshe har kafireta. Na biya jan mota, na biya wanki, daga baya na sayi tankin da nake gudu. Har yau abin na ƙona mini rai.

Yanzu sai an sauke tanki, an zuba notuna an girgiza tsatsa ta zube, an wanke, an shanya kwana biyu. Sannan in haska tocila ciki. Huda ɗaya ta dutse, a gyara. Ƙananan huji barkatai ko tsatsa a bakin haɗi, ɗan Beljiyam nake nema, shi ma sai na leƙa cikinsa kafin in biya.

Sabulun da ake gogawa a yoyo na kai ka gida ne kawai. Tankin roba irin na Golf 3 ba ya riƙe gam, canza shi. Man 'yan bunburutu kuma ka tace da ƙyalle kafin ya shiga.