Yadda ake haɗa GPS na waje da wayar Android don kada ta yanke maka a hanya

Yawancin masu cewa na'urar GPS ɗin da suka saya bata aiki, in ka karɓa ka duba zaka tarar na'urar lafiyarta ƙalau, wayar ce dai bata taɓa sauraronta ba tun ranar da aka haɗa su. Bluetooth ya nuna an haɗu, fitila tana ƙiftawa, mutum ya buɗe Google Maps yaga shuɗin ɗigon nan sai ya ɗauka shikenan an gama, alhali ɗigon daga GPS ɗin cikin wayar yake zuwa kamar kullum, ita kuwa wadda ya kashe kuɗi ya saya tana gefe tana shan caji a banza.

Tukuna ma ka tambayi kanka ko kana buƙatarta. In yawonka cikin Kano ne ko Kaduna kuma wayarka sabuwa ce mai kama siginal biyu, L1 da L5, wallahi ka riƙe kuɗinka, don ƙaramar na'ura mai araha ba lallai ta fi wayar taka ba. Waɗanda abin yake wa amfani su ne direban doguwar tafiya da wayarsa ke zafi tana ɓata hanya, da mai auna gona, da masu haƙa rijiyar burtsatse da ake nema su kawo lambobin wuri, da wanda yake aiki da tablet marar GPS ko tsohuwar waya mai tsalle-tsalle a taswira.

Ni dai shawarata ka sayi mai Bluetooth mai batirin kanta. Garmin GLO 2 ita na fi sa wa mutane, tana kama GPS na Amurka da GLONASS na Rasha, tana sabunta wurinka sau 10 a daƙiƙa ɗaya inda yawancin wayoyi sau 1 suke yi, kuma batirinta na iya kai awa 13. Akwai na Dual da Bad Elf da Qstarz suma. In aljihu bai kai ba akwai 'yar ƙaramar nan ta USB mai kama da filash, VK-172, mai u-blox 7 a ciki, sai ka haɗa da igiyar OTG, wato 'yar igiyar da ke haɗa kayan USB da waya, tana aiki amma ta toshe maka wajen caji kuma daga batirin wayar take sha, ga igiya tana lilo a mota, ni bana sonta don tafiya. In dai ita ka saya to gudun aika bayani (baud rate) da zaka zaɓa a manhajar da zata haɗa ta da wayar 9600 ne, wasu wayoyin kuma sai ka kunna OTG da hannunka a cikin saitin.

Ka cika ta da caji, ka fita da ita waje. Waje fa, ba bakin taga ba, ba ƙarƙashin rumfar kwano ba, fili inda kake ganin sama sosai. Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama da kilomita 20,000 daga ƙasa, siginal ɗinsu kafin ya iso ya yi rauni ƙwarai, rufin kwano ko na kankare ya isa ya kashe shi. Kunnawar farko tana ɗaukar lokaci saboda na'urar bata san inda take a duniya ba, sai ta sauke bayanin inda kowane tauraro yake daga su taurarin kansu, cikakken bayanin nan kuwa minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya zagayo. Don haka ka ajiye ta kan katanga ko kan rufin mota kamar minti 15 ka rabu da ita, kar ka riƙa kashewa kana kunnawa kana cewa ta lalace. Tana buƙatar aƙalla taurari 4 kafin ta baka wuri da tsayi. Daga ranar in dai ba ka daɗe baka kunna ba ko ka yi tafiya mai nisa da ita a kashe, cikin daƙiƙoƙi take kamawa.

Haɗa Bluetooth ba sai na tsaya ba, kamar na sifika ne. In ta nemi lamba gwada 0000 ko 1234.

To yanzu ga inda ake faɗuwa. Masu iPhone nasu da sauƙi, in na'urar tana cikin waɗanda Apple ya amince da su kamar GLO ko Bad Elf, da an haɗa wayar take karɓa da kanta. Android ba haka yake ba. Na'urar tana turo bayaninta ne da wani tsari da ake kira NMEA, layukan rubutu ne da lambobi, Android kuma baya ɗaukar wannan kai tsaye, sai an sa masa tafinta a tsakani, wato wata manhaja da zata karɓi layukan ta miƙa wa wayar a matsayin "ga inda kake". Ka sauke Bluetooth GNSS ko GPS Connector daga Play Store, ɗaya kawai, kar ka sa biyu su riƙa kokawa kan na'ura ɗaya don ɗaya ce kaɗai zata iya riƙe ta a lokaci guda. Duk izinin da ta nema ka bata, na wuri, na na'urorin kusa in wayarka Android 12 ce zuwa sama, da na sanarwa.

Amma ko ka sauke, wayar ba zata yarda da maganar manhajar ba sai ka buɗe wani ɓoyayyen sashe. Shiga Settings, ka nemi About phone ko My phone, ka nemi Build number ka danna shi sau 7 a jere, zata nemi lambar buɗe wayarka sannan ta ce ka zama developer. A Samsung yana cikin Software information, a Redmi kuma kan MIUI version ko OS version zaka danna. Sai ka koma baya, yawanci cikin System zaka ga Developer options ya fito. Ka shiga ka gangara ƙasa sosai, jerin yana da tsawo kuma don Allah kar ka taɓa abin da baka sani ba a ciki, har ka iso Select mock location app, ka danna ka zaɓi manhajar da ka sauke. Tsofaffin wayoyi kafin Android 6 akwati ne kawai ake yi wa alama, Allow mock locations. Wannan matakin shi ne gaba ɗaya maganar, wanda ya tsallake shi bai haɗa komai ba. Kuma in ka goge manhajar ka sake saukewa zaɓin nan yana tashi, sai ka koma ka sake zaɓa, mutane da yawa nan suke ruɗewa su ce jiya tana yi yau ta daina.

Location na wayar ka bar shi a kunne, kashe shi ba dabara bace, taswira bata ganin komai in ya mutu. Abin da zaka kashe shi ne Google Location Accuracy da binciken Wi-Fi da ke ƙarƙashin saitin Location, saboda su ne ke sa ɗigo ya riƙa tsalle, yanzu yana inda kake anjima ya koma gindin wani dogon ƙarfen sabis.

Sai ka buɗe manhajar ka zaɓi na'urarka ka danna haɗawa, zaka ga lambobi sun fara motsi, yawan taurari da HDOP, wato ma'aunin yadda taurarin suka bazu a sama, wanda ke nuna ingancin wurin da aka baka. HDOP ɗin nan in yana wajen 1 ko ƙasa to lafiya lau, in ya haura 5 kar ka yarda da wurin. Yawan taurarin a cikin wannan manhajar zaka duba, don manhajojin gwaji irin su GPSTest taurarin da GPS ɗin cikin wayar yake gani suke nuna maka, ba na na'urar waje ba.

Ka gwada kafin ka yarda. Ajiye wayar a wuri ɗaya ka buɗe taswira ka zuƙo ta sosai, ka ba wani na'urar ya taka da ita kamar taku 8 zuwa 10, Bluetooth baya wuce mita 10 sosai. In ɗigon ya bi shi alhali wayar bata motsa ba, an haɗu da gaske. In ɗigon ya tsaya cak, koma Developer options.

Abu na biyu da yake cin mutane, kuma wannan ya fi ciwo don a tsakiyar hanya yake faruwa, shi ne wayar ta kashe manhajar da kanta. Kana buɗe taswira ita manhajar ta koma baya, tsarin tattalin batir kuma yana ganinta a matsayin mai shan caji sai ya rufe ta bayan 'yan mintuna, musamman in sikirin ya mutu. Tecno da Infinix da itel da muka fi riƙewa tsarinsu yana da tsanani a nan, haka Redmi. Baka jin ƙara, baka ganin komai, kawai wayar ta koma GPS ɗinta na ciki ko ɗigon ya daskare kana ta tafiya tsakanin Potiskum da Damaturu taswira na nuna kana inda ka baro. Maganinsa, shiga bayanin manhajar a Settings, wajen Battery ka sa Unrestricted ko Don't optimize, in akwai Phone Master a wayar ka shiga ka bata izinin Auto-start ka cire ta daga jerin waɗanda ake sharewa, sannan ka buɗe jerin manhajojin da ke buɗe ka sa mata kwaɗo. Power saving kuma a kashe duk tsawon tafiyar. Ɗabi'ar nan ta danna share duka kowane minti biyar sai ka haƙura da ita. Matuƙar sanarwar manhajar tana saman sikirin to tana raye, ka riƙa kai ido wajen.

A mota ka ajiye na'urar gaban gilashin gaba inda take kallon sama, ba cikin aljihun mota ba, kuma wani tintin gilashi mai ƙarfe-ƙarfe yana rage siginal. In ka yi fakin ka ɗauke ta, ranar watan Afrilu a kan dashbod tana kumbura batir.

GPS baya cin data, taswirar ce ke ci, don haka ka sauke ta tun kana gida. Ni OsmAnd ko Organic Maps nake cewa a sa don hanyoyin ƙauye da inda babu sabis, Google Maps ma yana bari ka sauke yanki. Wasu manhajojin banki suna ƙin buɗewa in Developer options na kunne, sai ka kashe shi in zaka tura kuɗi ka dawo ka sake zaɓar manhajar, masu aikin tasi ta manhaja kuwa kar ku kusanci wannan saitin a wayar aiki don ana iya ɗaukarsa a matsayin ƙaryar wuri a rufe muku asusu. Masu auna fili kuma, na'urar lambobin wuri na tsarin duniya da ake kira WGS84 take bayarwa, takardun safiyo da yawa a Najeriya kuwa kan wani tsarin daban mai suna Minna Datum aka yi su, bambancin yana kai gomman mita, kar ka ɗauki lambar waya ka je kana jayayyar iyaka da maƙwabci, wannan aikin safiyo ne mai lasisi da kayan RTK, wato na'urorin GPS na musamman masu auna wuri daidai.