Kurakuran da ke hana ma'aikaci samun izinin zama na dindindin

Mutane da yawa masu zuwa aiki ƙasar waje suna ɗauka da zarar bizar aiki ta fito, zama ya tabbata. Ba haka ba ne. Bizar a wuyan kamfanin da ya ɗauke ka take rataye. A Amurka, mai bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B shekara 6 gare shi, sai fa in an fara nema masa katin zama na dindindin da wuri. In aka sallame shi kuwa, kwana 60 ake ɗaga masa, ya samu wani kamfanin ko ya tattara kayansa. Don haka tun kafin ka sa hannu a kwantiragi, ka tambayi mai aikin ƙarara: zai nema maka izinin zama na dindindin, kuma yaushe? Kada kunya ta rufe maka baki.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne sayen aiki a hannun dillalai. Wani ya turo maka takarda ta WhatsApp, ga tambari ga sa hannu, ya ce ka biya kafin a riƙe maka gurbi. Alhali kuɗin LMIA a Kanada, wato takardar da ke ba kamfani damar ɗauko ma'aikaci daga waje, a kan mai aiki yake, doka ta hana shi karɓa daga ma'aikaci. Haka kuɗin PERM a Amurka, wato matakin farko da kamfani ke bi wajen nema wa ma'aikaci katin zama. Duk wanda ya ce kai za ka biya su, ka ja da baya. Gwamnatin Birtaniya ma tana wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗauko ma'aikata daga waje, ka duba sunan kafin ka tura komai.

Sai ƙarya a fom: ƙara shekarun aiki, ko ɓoye cewa an taɓa hana ka biza. Kanada tana rufe wa mutum ƙofa shekara 5 a kan wannan, Amurka kuwa tana iya rufewa har abada. Ko da wani ne ya cike maka, sa hannunka ne a ƙasa, saboda haka ka karanta layi-layi.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ake rainawa. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara 2 yake yi ya mutu. Suna ya zama iri ɗaya a ko'ina, ba Muhammad a fasfo Mohammed a takardar digiri ba. Mai neman zama a Birtaniya kuma ya riƙa rubuta tafiye-tafiyensa, domin wuce kwana 180 a waje cikin wata 12 yana iya rushe masa lissafin shekarun zamansa.