Yadda Nake Zana Labari Irin na Fadar Sarki Akbar

Sarki Akbar na Indiya ya sa an zana masa labarin Amir Hamza a hotuna kusan 1,400. An fara wajajen 1562, aka shafe kimanin shekara 15 ana yi, ƙarƙashin gwanaye biyu daga Farisa, Mir Sayyid Ali da Abdus Samad. Ni shafi ɗaya nake gamawa a wata, a ɗakina da ke Tudun Wada. Ga yadda za ka gwada.

Fara da takarda. Dama kokon fulawa, ka manna falle uku ko huɗu, ka danne da katako har su bushe. Sai guga, wadda ita ce rabin aikin. Masu zanen fada da dutsen aƙiƙ suke yi, ni da gindin kwalbar turare. Ɗora takardar a kan gilashi ka yi ta murzawa har ta yi santsi kamar ɓawon ƙwai. Wanda ya yi ha'inci a nan, launinsa zai nutse ya dushe.

Launi kuwa, ƙaro ne uwarsa, wannan dai da malaman zaure ke sa wa tawada. Jiƙa shi ya kwana, ka tace. Niƙa jar ƙasa, shuni, alli da gawayi, kowanne daban, har ka daina jin tsaki a yatsa. Shuɗin sarakuna daga dutsen lazurdi na Afganistan yake, mu shuni ya wadatar. Kada ka cika ƙaro, musamman da hunturu. Shafina na farko haka ya tsattsage kamar kaushi.

Burushin masu zanen fada na gashin jelar kurege ne. Sayi mafi siriri a shagon kayan zane, ka ƙyale kuregen.

Zaɓi gaɓar da labari ya ɗau zafi. Nawa Bayajidda ne a bakin rijiyar Kusugu, takobi a sama, macijin bai faɗi ba tukuna. Fitar da surar da fensir, ka shafa alli mai ruwa-ruwa yadda layin zai riƙa leƙowa. Sai ka sa launi sama-sama, ya bushe, ka kifa takardar ka goge ta baya. Maimaita sau uku ko huɗu. Fuska da gashi su ne ƙarshe. A fadar Akbar sau da yawa wani ke fitar da sura, wani ya sa launi, wani gwanin ya yi fuskoki, don haka kada ka ji kunya idan ƙanwarka ta fi ka iya ido.

In zanen mai rai bai kwanta maka ba, tsaya kan gefen shafi, ka yi masa zayyana irin ta allon sauka.

Labarin a bayan shafin ake rubuta shi, kamar yadda aka yi wa na Hamza. Bayan Isha'i nakan ɗaga hoton yara na kallo, ina karanto musu ta baya.