Chygrynskiy: Kurakuran da masu hirar ƙwallo suka fi yi a kan ɗan bayan Yukren da Barcelona ta saya

Duk lokacin da aka tashi gardama a majalisa kan 'yan wasan da Barcelona ta tafka asara a kansu, sai ka ji an jefo sunan Dmytro Chygrynskiy, dogon ɗan bayan nan na Yukren mai gashi har kafaɗa. Asarar kam an yi ta. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake cakuɗa labarin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce Pep Guardiola, kocin Barcelona na lokacin, ya je ya ɗauko wani da ba a san shi ba. An san shi sarai. A watan Mayun 2009 yana cikin 'yan bayan Shakhtar Donetsk da suka doke Werder Bremen da ci 2-1 a Istanbul suka ɗauki Kofin UEFA, ƙarƙashin koci Mircea Lucescu, kuma a lokacin shekarunsa 22. Guardiola yana neman ɗan bayan da zai iya fara kai hari da ƙafarsa tun daga gida, ga shi kuma yana da ƙarancin masu tsaron baya, har Yaya Toure ɗan tsakiya ya mayar baya a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da Manchester United a Rum. In za ka ba da labarin, fara daga Istanbul, kada ka fara daga bencin Camp Nou, filin Barcelona.

Sai masu lissafa shi cikin 'yan wasan Barcelona da suka ci kofuna shida na 2009. Lissafin bai yi ba. Da aka ci La Liga da Copa del Rey da Kofin Zakarun Turai yana Donetsk. Abin dariyar ma, a wasan Super Cup na Turai da aka buga a Monaco a ƙarshen Agusta, rigar Shakhtar ce a jikinsa, Pedro na Barcelona ya ci su ɗaya a ƙarin lokaci. Bayan 'yan kwanaki ya sa hannu a Barcelona kan Yuro miliyan 25. Kofin Duniya na Ƙungiyoyi da aka ɗauka a Abu Dhabi a Disamba ne kaɗai ya same shi a ƙungiyar.

Akwai wanda ya fi waɗannan nauyi. Za ka ji ana cewa ko minti ɗaya Guardiola bai yarda ya sa shi a Kofin Zakarun Turai ba, wai alamar ya yi da-na-sani. Ba haka ba ne, doka ce ta hana. Kafin ya bar gida ya riga ya buga wa Shakhtar wasan share fage na gasar da Timisoara ta Romaniya, kuma dokar UEFA ta wancan zamani ba ta bari ɗan wasa ya buga wa ƙungiya biyu gasa ɗaya a kaka guda. Don haka wanda ya ɗora masa laifin fitar da Inter ta Mourinho ta yi wa Barcelona a wasan kusa da na ƙarshe na 2010 ya zalunce shi. Rashin wasannin Turai ya rage masa damar sabawa da abokan wasa, ga Puyol da Pique a gabansa, ga Marquez, ga Milito da ya dawo daga jinya. Wasa 12 ya buga a La Liga, a kakar da suka ɗauki kofin da maki 99.

Ba ina wanke shi ba ne. Yana da nauyin jiki wajen juyawa, kuma salon Barcelona na tura 'yan baya har tsakiyar fili ya tona masa asiri. A Janairun 2010 shi ya jawo bugun fanareti a wasan Copa del Rey da Sevilla ta ci 2-1 a Camp Nou, 'yan kallo suka yi masa ihu. In misali kake nema na rashin ƙoƙarinsa, wannan ne, ba wasan Inter ba.

Batun tafiyarsa ma ana juya shi. Ba Guardiola ne ya kore shi ba. Sandro Rosell ya karɓi shugabanci daga Joan Laporta a bazarar 2010 ya tarar da aljihun ƙungiya ya yi ƙasa, Shakhtar kuma ta zo da miliyan 15. Aka sayar, koci bai so ba. Asarar miliyan 10 ke nan a kuɗin ciniki, ba 25 da ake ta faɗa ba.

Daga nan yawancin masu hira sai su rufe littafi, kamar a ranar ya rataye takalmi. Ya koma Shakhtar ya ƙara cin kofunan gida, duk da raunuka sun yi ta ajiye shi. A 2015 ya koma Dnipro, a 2016 ya tafi AEK Athens ta Girka. A can ya ɗauki kofin lig na kakar 2017-18, wanda rabon AEK da shi tun 1994.