Yadda na shawo kan cizon hakora cikin barci

Kullum da asuba sai in tashi mukamukina a sage ga ciwon kai, maigida ne ma ya ce min hakora nake gurzawa cikin barci har yana jin karar. Na gwada robar kemis wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza, amma kato ce, kafin tsakar dare ta fado.

Sai likitan hakori ya dauki awon hakorana da wani abu kamar kullu aka hado min tawa daidai bakina, tana kama na sama dam. Cizon bai tsaya ba fa, robar ce ke cinyewa maimakon hakoran. Na kuma bar kofi da goro da daddare. Da ruwan sanyi nake wanketa, na zafi yana lankwasata.