Yadda ake auna bambancin tsirrai a fili ba tare da ido ya yaudare ka ba

Duk shekara sai yaran unguwarmu ta Aboabo da ke karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi sun kawo mini littafin aikin fili, kuma kuskurensu ɗaya ne. Su shiga daji, su jero sunayen tsirrai, su ce wurin yana da albarka. Jerin suna ba awo ba ne. Abu biyu ake nema: iri nawa ne, kuma kowane iri guda nawa.

Fara da firam. Sayi fayif ɗin roba na ruwa da gwiwoyi huɗu, ka haɗa murabba'i mai mita 1 kowane gefe. Ban yarda da na katako ba, damina ɗaya zai kumbura ya karkace. Wannan na ciyawa da ƙananan tsiro ne; in bishiyoyi za ka ƙirga, igiya da turaku za ka ja, mita 20 kowane gefe. In dajin Owabi ko na Bobiri da ke kusa da Kumasi ka nufa, nemi izinin hukumar gandun daji tun kafin ka biya kuɗin mota. In gwaji ne, fegin da ba a gina ba a bayan gari ya isa.

To, ina za a ajiye firam ɗin? A nan kowa ke faɗuwa, har da ni. Karona na farko na riƙa kai shi inda furanni suka yi kyau, ina kauce wa kurmin acheampong, wato Chromolaena odorata, ciyawar nan baƙuwa daga nahiyar Amurka da ta mamaye saurukanmu. Tsoron maciji ne, ba wani abu ba. Alƙaluma suka fito gwanin sha'awa. Malamina ya duba, ya ce, "Wa ya zaɓi wuraren?" Na ce ni. Ya turo mini littafin. Aikin kwana uku ya tashi a banza.

Ga yadda ake yi. Shimfiɗa tef biyu na mita 50 a gefen filin su haɗu a kusurwa. Rubuta 1 zuwa 50 a guntayen takarda, zuba a hula. Zaro ɗaya, mitocin tsawo ke nan. Mayar, girgiza, sake zarowa, na faɗi ke nan. Inda suka haɗu nan firam zai sauka, ko gidan tururuwa ne, ko ƙaya. In ƙasa ce tsirara, rubuta sifiri, kada ka matsa ko taku ɗaya. Masu jefa firam ta bayan kafaɗa kuwa kansu suke yaudara, don hannu ya riga ya san inda ido ya gani.

Tsiron da ba ka sani ba, ba shi lamba, ɗauki hoto, danne ganyensa a tsohuwar jarida. In ba haka ba sai abokinka ya rubuta shi da yaren Twi, kai ka rubuta da Hausa, iri ɗaya ya zama biyu. Yi firam goma aƙalla, ka ci gaba har sai uku ko huɗu a jere sun daina kawo sabon iri.

Lissafin Simpson na 1949 ya ishe ka. Ninka adadin kowane iri da adadin nasa ban da ɗaya, tara duka, raba da jimilla da aka ninka ta haka nan, sannan cire amsar daga 1; gwargwadon kusancin sakamakon da 1, gwargwadon yawan bambancin. Misali, tsiro 20, iri huɗu. In acheampong 17 ne sauran ɗai-ɗai, 272 raba 380, cire daga 1, ka tashi da 0.28. In biyar-biyar ne, 80 raba 380, cire daga 1, ka tashi da 0.79. Iri huɗu ne duka biyun, amma na farkon gonar ciyawa ɗaya ce.

Rubuta kwanan wata. Awon Yuni ba a gwada shi da na Janairu, lokacin da hunturu ya busar da ciyawar.